Tasirin Hawa da Gangara a Kan Shan Man Mota: Misali Daga Hanyoyin Filato da Mambila

Tsakure

Direbobi da makanikai sun yi ittifaƙi a kan cewa hanya mai tuddai tana shan mai fiye da shimfiɗaɗɗiya. Wannan maƙala ta bi diddigin dalilin hakan ta fuskar kimiyya. Ta nuna cewa man da mota ta ƙona wajen hawa ajiya ce da gangara take iya mayar da wani kaso nata, kuma mafi yawan asarar tana aukuwa ne a wurin taka birki da kuma yadda direba yake sarrafa giya da totur.

1.0 Gabatarwa

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da aka sanar da janye tallafin man fetur a Nijeriya, lissafin lita ya zama abin da kowane mai mota yake yi kafin ya kama hanya. Mafi yawan ƙasar Hausa shimfiɗaɗɗiya ce, amma direbobinta ba a cikinta kaɗai suke zirga-zirga ba. Suna hawa Jos domin ɗauko dankalin Turawa da kayan lambu, suna bin Hawan Kibo a kan hanyar Jos zuwa Akwanga, wasu kuma suna haurawa har Gembu a tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba. Birnin Kano yana kan tsayin da bai kai mita 500 daga doron teku ba, Jos kuwa tana kan kimanin mita 1,200. Wanda ya tashi daga Kano zuwa Jos, ke nan, ya ɗaga motarsa da duk abin da ke cikinta sama da kusan mita 700, ko ya lura ko bai lura ba.

2.0 Abubuwan da Injin Yake Fama da Su

A shimfiɗaɗɗiyar hanya, abubuwa biyu ne suke turje wa mota: gogayyar taya da kwalta, da kuma iskar da motar take tsagawa. Idan aka ɗauki ƙaramar mota mai nauyin kilo 1,500 tana gudun kilomita 80 a awa, turjiyar taya takan kai kimanin niyuton 150, ta iska kuwa kusan 200. Niyuton shi ne ma'aunin ƙarfin ja ko turi, an kuma sa masa sunan masanin nan ɗan Ingila, Isaac Newton. Jimillar abin da injin zai rinjaya a irin wannan hanya, ke nan, wajen niyuton 350 ne.

Da zarar hanya ta soma hawa, abu na uku yakan shigo, wato janyowar ƙasa, wadda ake kira maganaɗisun ƙasa. Ana auna tsananin hawa da kaso cikin ɗari: hanyar da take ɗagawa mita biyar a cikin kowace tafiyar mita ɗari ita ce mai hawan kashi biyar. A irin wannan hawa, ƙasa tana janyo waccan motar baya da ƙarfin niyuton 735. Idan aka haɗa da 350 na farko, aikin injin ya ninka sau uku, alhali gudun bai ƙaru ba. Wannan ne ya sa direba yake jin motar ta yi nauyi, ya ƙara taka totur ko ya sauko da giya.

3.0 Lissafin Man da Hawa Yake Ci

Makamashin da ake bukata domin ɗaga abu sama yana fitowa ne daga ninka abubuwa uku: nauyin abin, da tsayin da aka ɗaga shi, da adadin janyowar ƙasa, wato 9.8. Ɗaga mota mai kilo 1,500 zuwa tsayin mita 100 yana bukatar jul miliyan ɗaya da rabi, ɗan abin da ya rage kaɗan ne. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da jul miliyan 32 zuwa 34, sai dai injin fetur yana mayar da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai ya zama tafiya, sauran yana fita a matsayin zafi ta lagireto da salansa. Bisa wannan, kowane hawan mita 100 yana cin kusan kashi ɗaya bisa shida na lita, ƙari a kan abin da tafiyar kanta take ci. Hawan mita 700 na tsakanin Kano da Jos zai ci lita ɗaya da 'yan kai.

Adadin yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da nauyi. Babbar mota mai tan 30 ta ninka waccan ƙaramar sau ashirin, kuma duk da injin man gas ya fi na fetur alkinta mai, wannan hawan zai ci mata ƙarin kusan lita 14. A nan ne illar lodin da ya wuce ƙima take bayyana. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ƙarin buhuna yana ƙara gogayyar taya kaɗai, amma a hawa kowane buhu sai an biya man ɗaga shi.

4.0 Abin da Gangara Take Mayarwa

Makamashin da aka kashe wajen hawa yana nan ajiye a cikin tsayin da motar ta kai. Idan ta juyo, janyowar da ta yi mata turjiya ita ce take tura ta gaba. Tambayar ita ce, nawa ne daga wannan ajiya yake komawa aljihun direba?

Amsar tana ga tsananin gangarar. An ga cewa turjiyar taya da ta iska sun kai niyuton 350. A gangara mai kashi biyu, turin da ƙasa take yi wa motar bai kai niyuton 300 ba, saboda haka dukkansa yana tafiya wajen rage wa injin aiki, kuma direba ba ya bukatar birki. Hanya mai irin waɗannan tausasan tuddai ba ta bambanta sosai da shimfiɗaɗɗiya wajen shan mai. A gangara mai kashi biyar kuwa, turin ya kai 735, ya zarce turjiyar da kusan 400. Wannan rarar ita ce take sa mota ta riƙa ƙara gudu da kanta, kuma dole a kashe ta da birki ko da giya. Duk abin da birki ya kashe yana komawa zafi ya bi iska. Ma'ana, man da aka ƙona a hawa ne yake ƙarewa a matsayin zafin birki a gangara.

Kwanoni suna ƙara wannan asara. Hanyar da take hawa Mambila tana da lanƙwasa masu yawa, inda direba yake rage gudu kafin kowace kwana, sannan ya sake taka totur bayanta. Haka kuma motar da ta hau da kaya ta sauko wayam, kamar tankar da ta kai mai garin da ke kan tsauni, ba ta samun ramuwar man da ta ƙona wajen ɗaga kayan.

5.0 Giya da Iskar Tsauni

Saukowa da giya yana ba tayoyi ƙarfin ja, amma injin yakan yi juyi da yawa a cikin tafiya kaɗan, kuma kowane juyi yana da nasa asarar gogayya. Barin mota a babbar giya har injin ya soma shaƙewa shi ma ba tsimi ba ne, domin yana wahalar da injin, ya kuma jawo zafi. Abin da ya fi dacewa shi ne giya mafi girma da injin zai iya ja ba tare da gargada ba.

Iska ma tana da nata tasiri. Kaurinta yana raguwa da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari a kowane hawan mita 100, don haka iskar Jos ta fi ta bakin teku sirantaka da fiye da kashi goma. Injin da ba shi da tobo yakan rasa ƙarfi daidai gwargwado. Tsohuwar mota mai kafireta takan ci gaba da zuba mai kamar yadda aka saita ta a ƙasa, sai man ya yi wa iskar yawa, wani ya fita bai ƙone ba. Motar zamani mai injekta tana da na'urorin da suke auna iska su daidaita man da kansu.

6.0 Sakin Mota a Firi

Wata al'ada da ta yaɗu a tsakanin direbobin haya ita ce cire giya a gangara, wasu har da kashe injin, da nufin tsimin mai. A motocin zamani masu injekta, idan direba ya ɗage ƙafa daga totur alhali mota tana cikin giya, kwamfutar injin takan yanke mai gaba ɗaya, domin tayoyi ne suke juya injin. Idan kuwa aka saka firi, dole a ci gaba da ba injin mai don kada ya mutu. A gangara mai tsanani, wadda ko yaya sai an rage gudu, zama a cikin giya shi ne ya fi tsimi.

Haɗarin ya fi batun mai girma. Motar da take firi ta ɗora wa birki dukkan aikin riƙe ta, kuma birkin da ya yi zafi ainun yakan daina kamawa. Kashe injin kuwa yana raba direba da abin da yake taimaka wa birki da sitiyari. Hawan Kibo ya yi ƙaurin suna wajen haɗurran manyan motoci, kuma a irin wannan wuri tsimin rabin lita yana iya zama garin neman gira a rasa ido.

Motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin su Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997, sun magance wani ɓangare na matsalar. A gangara, injinsu na lantarki yakan koma janareto, ya riƙe motar, ya kuma tura wutar cikin batir domin amfanin gaba.

7.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa hawa yana karɓar mai gwargwadon nauyin mota da tsayin da ta kai, gangara mai sauƙi tana mayar da mafi yawansa, mai tsanani kuwa tana miƙa shi ga birki. Direba ba shi da iko a kan tsayin Jos ko na Mambila, amma yana da iko a kan lodi, da zaɓen giya, da gudun da yake tunkarar tudu da shi. Wanda ya ɗan ƙara gudu kafin hawa, ya bar shi ya ragu a hankali, ya sassauta totur dab da ƙololuwa, sannan ya sauko a cikin giya, shi ne zai isa da sauran mai a tanki, birkinsa kuma bai ƙone ba.