Sassaƙar baka a ƙasar Hausa da kalmomin da ke tattare da ita

Baka yana cikin tsofaffin kayan aikin Bahaushe, na farauta da na yaƙi. A shekarar 1899, da kibau ne mutanen Sarauniya Mangu suka tari rundunar Voulet da Chanoine a Lugu, cikin ƙasar Arewa. Yau bindiga ta maye gurbinsa a hannun galibin maharba, ko da yake sarautar sarkin baka tana nan a garuruwa da dama. Abin da ya dame mu a nan shi ne, in sana'a ta gushe, kalmominta su kan bi ta. Don haka za mu bi aikin daki-daki, muna nuna sunan kowane abu a inda ya zo.

1. Zaɓen icce. Maharbi kan nemi icce mai danƙo, wanda zai tanƙwaru ba tare da ya karye ba, kamar dargaza ko ɗunɗu. Inda akwai gora mai kauri, a kan yi da ita. Ana saran reshe miƙaƙƙe marar ƙulli, wanda tsawonsa bai wuce kamu uku ba. Wurin ƙulli nan ne baka ya kan karye in an ja shi.

2. Busarwa. A kan ɓare ɓawon, a ajiye iccen a inuwa har ya bushe sannu a hankali. Wanda aka shanya a rana ya kan tsage, ɗanye kuwa in an tanƙwara shi ba ya komawa yadda yake, sai ƙarfinsa ya mutu.

3. Sassaƙa. Da gizago a kan fara, a ƙarasa da wuƙa. A bar tsakiya da kauri, don nan ne mariƙi, a yi ta fiƙe shi zuwa kawunan biyu. A nan gwani ya kan bambanta da ɗan koyo: ya kan dafa baka a gwiwa ya duba ko sassan biyu suna tanƙwaruwa daidai, sa'an nan ya rage wanda ya fi tauri kaɗan-kaɗan. Daga nan a shafa masa mai, a gasa shi bisa garwashi, a ba shi siffar da a ke so tun yana da zafi.

4. Ɗaurin tsarkiya. Tsarkiya, wadda wasu ke ce wa tsirkiya, da fata a ke yin ta: a yanka ta siririya, a jiƙa, a murɗa, a miƙe ta har ta bushe. Da damina laima kan sa ta saki, shi ya sa maharbi ke ɓoye ta daga ruwa.

5. Kibiya da kwari. Jikin kibiya na kyauro ne, ba a sa mata gashin tsuntsu. Maƙeri ke ƙera kanta, mai kunne, don kada ta fita in ta shiga. Ƙarfin harbin ya dogara ga dafi, wanda a kan dafa daga ƴaƴan kwankwani. Kibau kuwa cikin kwari a ke zuba su.

Ga masu shirya littattafan yaƙi da jahilci akwai abin lura guda biyu. Na farko, kalmar nan tana koyar da karatu: baka na harbi da baka na "maganar baka" rubutunsu ɗaya ne, karin sauti da tsawon wasali ke raba su, baƙa kuwa lanƙwasar harafi ce ta raba ta da su. Na biyu, ƙamus irin na Bargery na 1934 ya tattara kalmomi masu yawa, amma ƙamus ba ya nuna yadda aiki ke bin aiki. Ya kamata a zauna da tsofaffin maharba na Maraɗi, Damagaram, Adar da Arewa, a naɗi bayaninsu suna cikin sassaƙa, a rubuta kowace kalma da lafazin yankinta, tun masu riƙe da ita suna da rai.