Jirgi Ba Ya Jiran Mai Latti: Doka da Ladabi a Tsakiyar Teku

A ƙarshen watan Maris na 2024, wasu fasinjoji takwas, Amurkawa shida da 'yan Ostireliya biyu, suka tsaya a gaɓar tsibirin Sao Tome suna hangen jirginsu, Norwegian Dawn, ga shi can cikin ruwa amma ba halin shiga. Sun fita yawon buɗe ido ne da ɗan rakiyar da suka ɗauka da kansu, suka wuce ƙarfe uku na rana da aka yanka wa kowa ya dawo. Jirgi ya tashi ya bar su. Daga nan suka shiga bin sawunsa ta sama da ta ƙasa, suka isa Banjul ta Gambiya, jirgin bai samu damar tsayawa ba, sai a Dakar ta Senegal suka cim masa.

Labarin ya raba kan jama'a. Wasu suka ce kyaftin ba shi da imani, wasu suka ce ai wanda ya makara shi ya ja wa kansa. Masu kare kyaftin suna da hujja: jirgin da ke ɗaukar fasinja fiye da 2,000 yana tafiya ne da lissafin cikar ruwa da janyewarsa, da lokacin da tasha ta gaba ta ware masa. Amma akwai abin da ba su cika faɗa ba. Da a ce ta hannun kamfanin jirgin mutanen nan suka sayi tikitin yawon, al'adar ita ce a jira su, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai su tasha ta gaba. Ashe cikin dokar akwai tsari, akwai kuma neman kuɗi.

Wannan cakuɗuwar ce ke ruɗa fasinjan jirgin shaƙatawa. Jirgi irin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa mita 365 ne, yana iya kwasar fasinja 7,600 ban da ma'aikata fiye da 2,000. Gari ne guda a kan ruwa, kuma takardar dokokinsa doguwa ce. Mutum ya biya kuɗi mai yawa don ya huta, sai ya tarar da kada kaza, kada kaza. Da ya gano cewa wasu dokokin aljihun kamfani kawai suke karewa, sai ya raina duka. A nan ne kuskuren yake, domin wasu daga cikinsu sai da aka rasa rayuka kafin a rubuta su.

Dubi hana shan sigari a barandar ɗaki. A daren 23 ga Maris 2006, wuta ta tashi a jirgin Star Princess yana kan hanyar Jamaika. Masu binciken haɗurran teku na Birtaniya suka ce mai yiwuwa guntun sigari ne da aka yar ya faɗa wata baranda, ya daɗe yana cin kaya a hankali kafin ya kama. Shingen da ke raba baranda da baranda na roba ne, ga iskar teku tana hurawa, sai wuta ta bi gefen jirgi hawa-hawa. Mutum ɗaya ya mutu, ɗakuna fiye da ɗari suka lalace. Saboda tsoron gobara ne ma ake ƙwace dutsen guga da kyandir daga jakar fasinja tun a bakin shiga. A tsakiyar teku ba motar kashe gobara da za a kira, ba kuma waje da za a ruga a tsaya.

Haka atisayen ceto yake, wanda fasinjoji suka fi ƙosawa da shi. Kowa yana da wurin taruwa da aka rubuta a katinsa, za a nuna masa yadda ake ɗaura rigar ceto, a kuma jiyar da shi ƙarar gaggawa: busa gajeru bakwai, doguwa ɗaya. A da, yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS, wadda asalinta nutsewar jirgin Titanic ce a 1912, ta ba da sa'o'i 24 bayan shigar fasinja kafin a yi atisayen. Ranar 13 ga Janairu 2012, jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, sa'o'i kaɗan bayan barin Civitavecchia, alhali ɗaruruwan da suka shiga a ranar ba a nuna musu komai ba tukuna. Mutum 32 suka rasu. Daga Janairun 2015 ya zama tilas a yi atisayen kafin tashi ko da zarar an tashi. Abin lura a wannan masifar shi ne, babban mai karya doka ba fasinja ba ne. Kyaftin Francesco Schettino ne ya kauce hanya ya matsa kusa da gaɓa, aka yi jinkirin fiye da sa'a guda kafin a ba da umarnin barin jirgi, ya kuma fice da sauran mutane a ciki. Kotu ta ɗaure shi shekara 16.

Akwai kuma masu wasa da ransu don hoto. A Oktoban 2019 aka hango wata mata ta haye ƙarfen barandar ɗakinta a jirgin Allure of the Seas tana ɗaga hannuwa. Kamfanin Royal Caribbean ya sauke ta a Jamaika, ya haramta mata jiragensa har abada. Wani zai ce ai ranta ne. To, da ta faɗa, da jirgi ya juya, da an saukar da ma'aikata a kwalekwale su neme ta cikin igiyar ruwa da nasu ran.

Dokar hana shigo da abin sha daga waje kuwa, ko cajin kuɗi mai tsada kan intanet, ba sai an wahalar da kai ba wajen gane wanda suke amfana. Fasinja yana da damar ya yi ƙorafi, ko ya nemi wani kamfanin. Sai dai ya amince da sharuɗɗan da hannunsa lokacin sayen tikiti, kuma ɓoye kaya a ƙasan akwati ha'inci ne ko da wanda aka ha'inta attajiri ne. Laifi ne ƙarami idan aka gwada shi da na mai kunna sigari a baranda, amma ba ya zama gwaninta.

Rigimar yau da kullum ba ta kai wannan girman ba. Kujerun kishingiɗa ne na bakin wurin ninƙaya. Tun da asuba wani zai sauko ya shimfiɗa tawul a kan guda biyar, ya ɗora silifa a ɗaya, littafi a ɗaya, ya koma barci, kamar mai aika yaro ya kama masa sahun gaba da darduma ranar Juma'a shi kuwa yana gida. Tsohuwa mai sanda ta zo ta zaga ta rasa wurin zama. Kamfanin Carnival ya sa ƙa'idar minti 40, bayan haka a kwashe kayan, amma ma'aikacin da zai kwashe shi ake zazzaga wa masifa.

Wurin cin abinci ya fi haɗari. Ludayi ɗaya ɗaruruwan hannaye ke kamawa, kuma ƙwayar cutar norovirus mai sa amai da gudawa ba ta cika jin man goge hannu ba, sai ruwa da sabulu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana bayyana ɓarkewar cuta da zarar kashi 3 cikin 100 na fasinjoji ko ma'aikata sun kamu. Mai ciwon cikin da ya ɓoye don kada a killace shi a ɗaki ya ceci hutunsa na kwana biyu, ya ɓata na jama'a. Duniya ta ga yadda cuta ke gudu a rufaffen jirgi a Fabrairun 2020, lokacin da mutum 712 cikin 3,711 suka kamu da korona a jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama.

Duk wannan ɓarnar, wa take faɗa wa? Akasari ma'aikata ne, 'yan Filifin da Indonesiya da Indiya, masu kwantiragin wata shida zuwa tara, ba ranar hutu a mako. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 sa'o'i 10 kacal ta tilasta a ba su na hutu cikin kowace 24. Kamfanoni da yawa suna ƙara wa fasinja tukuicin 'yan daloli a kowace rana don waɗannan mutane, kuma a daren ƙarshe sai ka ga layi a teburin karɓar ƙorafi, masu neman a cire. Dokar kamfani ta yarda da hakan. Ana iya zargin kamfanin da ya jingina albashin ma'aikacinsa a kan tukuici, zargin kuma yana kan hanya. Amma wanda ya cire bai taɓa ribar kamfani ba, guzurin wanda ya yi mako yana gyara masa gado ya rage.