Wa Ya Yi wa Hotmail Talla?

Ƙulin ƙulifita!

Ɗan talla ne amma ba shi da ƙafa. Ba ya karɓar albashi, ba ya barci, ba ya sallama, amma duk gidan da ya je da murna ake buɗe masa ƙofa. Cikin shekara ɗaya da rabi ya jawo wa iyayen gidansa mutum miliyan 12. Wane ne?

Mai karatu, kada ka yi saurin ba ni gari. Zauna mu bi sawun tare, domin amsar tana da amfani ga duk wanda ya taɓa haɗa wata sabuwar haja, manhaja ce ko sabulu, ya zuba tagumi yana tunanin ta inda mutane za su ji labarinta.

Ga yadda abin ya faro. A tsakiyar shekarun 1990 akwai wasu matasan injiniyoyi biyu a jihar Kalifoniya ta Amurka: Sabeer Bhatia, ɗan Indiya da karatu ya kai shi can, da abokinsa Jack Smith. Sun yi aiki tare a kamfanin Apple, suka koma wani ƙaramin kamfani, suna can suna ƙulla yadda za su kafa nasu a asirce. Matsalarsu ita ce ba sa son tattauna wannan sirri ta imel ɗin ofis. A wancan zamanin adireshin imel ɗin mutum a ɗaure yake da wurin aikinsa, ko jami'arsa, ko kamfanin da yake biya kuɗin intanet. Ka bar wurin, ka bar adireshin. Sai suka ce me zai hana a yi akwatin saƙo da mutum zai buɗe daga kowace kwamfuta mai intanet, ko a ina take, kuma kyauta? Kamfanin zuba jari na Draper Fisher Jurvetson ya ba su dala 300,000, ya karɓi kashi 15 cikin ɗari na kamfanin. Ranar 4 ga Yulin 1996 suka buɗe Hotmail, kowane mai rajista da akwati mai cin megabait 2.

Cikin kimanin wata shida masu rajista suka kai miliyan ɗaya. Cikin wata 18, bisa lissafin masu jarin, suka haura miliyan 12. Ka tuna, lokacin babu Facebook, babu WhatsApp, babu wayar da ake shafawa. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Wani ne ya yi wannan aiki, kuma na tara waɗanda nake zargi.

Na farko da na gurfanar shi ne kuɗi. Biri ya yi kama da mutum, domin a lokacin haka manya suke yi. Kamfanin AOL, alal misali, ya riƙa aika faya-fayan manhajarsa gida-gida ta gidan waya har mutane suka rasa inda za su sa su. Sai na ce ai shi ke nan, Hotmail ma ruwan kuɗi ya yi a rediyo da talabijin da allunan bakin titi. Na buɗe littafin kashe kuɗinsu. Steve Jurvetson da Tim Draper, masu jarin, sun rubuta cewa duk abin da Hotmail ya kashe a talla a wannan tsakanin bai kai dala 500,000 ba. Raba wannan da mutum miliyan 12, za ka ga kowane mutum ɗaya bai ci musu santi biyar ba. Wannan ba kuɗin da zai cika ƙasa kamar Amurka da talla ba ne, balle duniya. Na sallami kuɗi. To idan ba shi ba ne, wa ke nan?

Na biyu ya fi kama da mai laifi: kyauta. Kowa ya san abin banza ba ya kwana a kasuwa. Na daɗe ina jin cewa wannan ce amsar, har sai da na ci karo da wani shaida mai suna Juno. Shi ma kamfanin imel ne, shi ma kyauta yake bayarwa, kuma ya riga Hotmail fitowa da 'yan watanni a cikin 1996 ɗin. Ga shi da gata. Masu jarin Hotmail sun ce abin da Juno ya kashe a talla ya haura dala miliyan 20, wato ninkin na Hotmail sau arba'in, amma Hotmail ya wuce shi nesa ba kusa ba. Kyauta biyu a kasuwa ɗaya, ɗaya da sanƙira mai tsada, ɗaya kusan babu. Marar sanƙirar ce ta kwashe jama'a. A nan na tabbata da walakin, goro a miya.

Na uku ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Wasu sukan ce ai Microsoft ne ya ɗaga su. Kalanda kaɗai ta wanke shi: sai a watan Disamban 1997 Microsoft ya sayi Hotmail, a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai kimanin dala miliyan 400. Ya tarar da kasuwa ta riga ta cika, cikar ce ma ta kawo shi. Haka ita ma ranar buɗewar. An zaɓi 4 ga Yuli ne saboda ranar 'yancin Amurka ce, don a nuna mutum ya sami 'yanci daga kamfanin da ke riƙe masa adireshi. Dabara ce mai kyau, amma ta yini ɗaya ce. Me ya riƙa kawo mutane a watan Oktoba, da Janairu, da Yunin baɗi?

Na huɗu shi ya fi ba ni wahala, domin ba ya ƙarya. Shi ne kyan hajar kanta. Juno sai ka sa manhajarsa a kwamfutarka kafin ya yi aiki. Hotmail kuwa ba ka sa komai. Ka shiga shafinsa, ka rubuta suna, ka zaɓi kalmar sirri, cikin 'yan mintuna ka mallaki adireshi. Ɗalibin da ba shi da kwamfutar kansa zai duba saƙonsa a ɗakin karatu. Matafiyi zai duba a duk garin da ya sauka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya fara buɗe imel a shagon intanet na haya ya san daɗinsa. Amma Hausawa sun ce a rashin tayi akan bar arha. Haja komai kyanta ba ta da baki. Kyan Hotmail ya bayyana mana dalilin da ya sa wanda ya zo bai koma ba, amma bai gaya mana wanda ya kira shi ba. Don haka ban sallami wannan ba. Na ce ya zauna a benci. Ba shi ya yi aikin ba, amma ya san wanda ya yi.

Sai ga sawu.

Masu jarin sun lura da wani abu a taswirar masu rajista. Mutane ba ɗai-ɗai suke shigowa daga ko'ina ba. A dunƙule suke zuwa. Yau za a ga mutum ɗaya daga wani garin jami'a. Ba da jimawa ba garin ya cika. Mutum ɗaya daga wata ƙasa, sai ƙasar ta kama. Har ta kai Hotmail ya zama kamfanin imel mafi girma a Indiya da Siwidin, ƙasashen da bai yi talla a cikinsu ba.

Tsaya ka auna wannan. Tallar rediyo kamar ruwan sama take, kowa a garin tana dukansa lokaci guda. Wannan kuwa kamar gobarar daji. Daga wannan ciyawa zuwa ta kusa da ita. Ma'ana, ɗan tallan nan ba daga sama yake faɗowa ba. Daga hannu zuwa hannu yake tafiya.

To me ke tafiya daga hannun mai Hotmail zuwa hannun abokinsa?

Abu ɗaya ne tak.

Wasiƙa.

Na buɗe wasiƙar. Gaisuwa. Labarin gida. Sa hannu. Ban ga komai ba. Na sake dubawa. Na gangara ƙasa. Can ƙarƙashin sunan mai aikowa, ga shi a kwance.

Layi ɗaya ne. Ma'anarsa da Hausa: samu imel ɗinka kyauta a Hotmail. Tare da shi akwai adireshin shafin, wanda da ka latsa sai ka tsinci kanka a wurin rajista. Kowane saƙo da ya fita daga Hotmail yana ɗauke da shi. Ga ɗan tallan da ba shi da ƙafa, ba ya cin albashi, ba ya sallama.

Bisa labarin da Tim Draper ke bayarwa, shi ya tambayi matasan yadda za su sanar da duniya, suka ambaci allunan titi da rediyo, ya ce wannan ya yi tsada ga abin da kyauta za a bayar. Sai ya kawo shawarar a liƙa layin a ƙasan kowane saƙo, har da wata jimla a gabansa mai cewa ina ƙaunarka. Matasan suka ƙi da farko, suna ganin cusa talla ne a cikin wasiƙar mutane. Daga baya aka daidaita: aka jefar da maganar ƙauna, aka bar gayyatar. A ganina turjiyarsu ta yi amfani. Wasiƙa amana ce. Ka yi tunanin saƙon da yaro ya aika wa maigidansa a ofis, ko saƙon ta'aziyya, ya isa da kalmar soyayya a gindinsa wadda mai saƙon bai rubuta ba. Da an bar ta, ina kyautata zaton da mutane da yawa sun gudu. Abin da aka bari gajere ne, bai sa wa kowa magana a baki ba, kuma mai aikawa ya san shi ne ladan akwatin da aka ba shi kyauta.

Yanzu mu zauna a kan layin nan, domin ƙanƙantarsa tana ɓoye girman aikin da yake yi.

Ka dubi wanda ya kawo shi. Ba kamfani ba ne. Yayanka ne da ke karatu a ƙasar waje, ko abokin ɗakinka, ko wanda kuke ciniki da shi. Talla a jarida kana iya tsallake ta, amma wasiƙar ɗan'uwa sai ka karanta ta har ƙarshe, ƙarshen kuwa nan layin yake jira. Mai aikowar bai ce maka komai game da Hotmail ba, amma adireshinsa ya faɗa: ni ma shi nake amfani da shi.

Sannan ka dubi hujja. Mai maganin gargajiya a tasha sai ya yi ta rantsuwa cewa maganinsa yana aiki. Layin Hotmail ba ya bukatar rantsuwa. Wasiƙar da kake karantawa ita ce shaidar, tunda ta iso. Gani ya kori ji.

Abin da ya fi burge ni shi ne wanda yake samu. Allon bakin titi kowa yana ganinsa, har da dubban mutanen da a 1996 ba su taɓa taɓa kwamfuta ba, kuma duk kuɗinsu ka biya. Layin nan kuwa ba ya zuwa wurin kowa sai wanda ya riga ya san imel, yana zaune gaban kwamfuta, hannunsa a kan maɓalli a daidai wannan lokacin. Tsakanin jin labari da yin rajista babu shiga mota, babu neman biro a rubuta lamba. Latsawa ɗaya ce. Ga kuma wanda na bari a benci ya miƙe: da rajistar tana da wuya, ko akwatin ba ya aiki, da layin ya kawo mutane sun juya. Su biyu suka haɗa baki, ɗaya yana kira, ɗaya yana riƙewa.

Kuma duk wanda ya shigo, wasiƙarsa ta farko ta mayar da shi ɗan talla. Ba a roƙe shi ba, ba a biya shi ba, bai ƙara wani aiki a kan abin da dama ya zo yi ba. Amfani da hajar shi ne tallarta. Tallar da ake saye, ranar da kuɗi ya ƙare ta tsaya. Wannan kuwa kullum jama'a suka ƙaru sai ta ƙara ƙarfi. Jurvetson da Draper suka yaɗa mata suna da ke kwatanta ta da cuta mai yaɗuwa, sunan da 'yan kasuwar intanet ke amfani da shi har gobe. Yahoo ya yi irin wannan a ƙasan saƙonninsa, Apple ma ya sa wayar iPhone tana sanar da cewa daga ita aka aiko saƙo. Shi kuwa Hotmail, Microsoft ya narkar da shi cikin Outlook a 2013.

Ba kowace haja ce wannan dabara za ta yi wa aiki haka ba, kuma yaudara ce a ce wa matashi ya liƙa layi kawai ya jira miliyoyi. Imel abu ne da ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, dole sai da mai karɓa. Manhajar da mutum ke lissafin kuɗinsa shi kaɗai a ɗaka ba ta da wannan gata. Amma hajojin da ke ratsa hannu biyu sun fi yadda ake zato yawa: rasit ɗin da manhajar shago ke tura wa mai saye, katin gayyatar biki da aka tsara a waya aka watsa wa dangi, kilishin da aka saya tsaraba, ɗinkin da amarya ta sa a taro. A kowannensu akwai mutum na biyu da hajar ta isa gare shi ta hannun wanda ya yarda da shi.

Don haka, mai sabuwar haja, kafin ka ware kuɗin talla ka bi kayanka da ƙafa tun daga fitarsu hannunka. Ka gano mutum na biyu da yake ganinsu, ka duba ko akwai sunanka a wurin, da hanyar da zai same ka ba tare da ya tambayi kowa ba. In babu, ka sa kafin ranar buɗewa.