Kwana a Tsohon Gidan Bakin Ruwa a Birnin Amsterdam

Yau tafiya za mu yi mai nisa, amma ba sai kin nemi mayafi ba. Ƙasar Holan za mu, wadda muka fi sani da atamfa, mu leƙa tsofaffin gidajen babban birninta Amsterdam, waɗanda ake saukar baƙi a cikinsu. Wata cikinmu ɗanta na karatu a can, wata aikin maigida na iya kai ta, wadda ba za ta je ba kuwa ta ƙaru da sani.

Shi dai wannan birni a kan fadama aka gina shi, inda aka datse kogin Amstel. Da jama'a suka yi yawa, a shekarar 1613 sai aka fara haƙa manyan hanyoyin ruwa guda uku da suka zagaye tsohon gari kamar awarwaro. Sunansu Herengracht da Keizersgracht da Prinsengracht. Ta nan jiragen ruwa ke kawo haja har ƙofar gidan attajiri. A 2010 hukumar UNESCO ta sa wannan yanki cikin wuraren tarihi na duniya.

To, yaya gida zai tsaya a kan taɓo? Dabarar ita ce dirkoki. Dogayen itatuwa ake kafawa cikin ƙasa, wajen mita 12 ko fiye, har su taɓa yashi mai ƙarfi, sannan a ɗora gini a kai. Fadar sarki da ke tsakiyar gari kaɗai a kan dirkoki 13,659 take zaune. Abin mamaki, muddin itacen yana nutse cikin ruwa yakan yi ɗaruruwan shekaru. Ranar da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya, iska ta sami kan itacen, ranar ya fara ruɓewa. Shi ya sa za ki ga wani gida ya karkace ya jingina da maƙwabcinsa. Ba ƙaramin al'amari ba ne kuwa, don a watan Satumba na 2020 wani bangon bakin ruwa a wurin da ake kira Grimburgwal ya rufta.

Gidajen sirara ne, dogaye, masu zurfi zuwa baya, saboda kowa bakin ruwa yake so, sai aka yanka filaye ƙanana. Akwai wani gida a titin Oude Hoogstraat da faɗinsa bai fi mita 2 da ɗan kaɗan ba. In kin ɗaga kai za ki hangi wani katako ya leƙo daga ƙololuwar gida, da ƙugiya a jikinsa. Nan ake rataya igiya a jawo kaya sama kamar guga, a shigar ta taga. Har yau gado da kujeru ta nan suke shiga, don matattakala ba za ta ɗauka ba. Wasu gidajen ma da gangan aka gina su sun ɗan sunkuyo gaba, kada kaya su goge bango.

Matattakalar nan ita ce abu na farko da za ki tambaya kafin maigida ya biya kuɗin masauki. Ƙunci gare ta, ga tsayi, wata kamar tsani. Gidajen tarihi ne, doka ba ta barin mai gida ya sauya fasalinsu yadda ya ga dama, don haka da wuya ki sami na'urar hawa bene. In da Hajiya za a yi tafiyar, ko kina da juna biyu, ko ciwon gwiwa, a nemi ɗakin ƙasa. Kuma a rage akwati, wannan ba tafiyar kai lefe ba ce.

Abu na biyu, sirri. Tagoginsu manya ne don haske ya kai ƙuryar gida, kuma yawancin mutanen can ba su damu da sakin labule ba. Mai wucewa na iya hango ki har kan kujera. Ki tabbatar akwai labule mai kauri. Ki tambaya ko makewayi naku ne ku kaɗai ko na tarayya ne da wasu baƙi, ki kuma jefa buta cikin kayanki. In masu gida ne za su ba da karin kumallo, a gaya musu tun farko ba a cin naman alade.

Na uku, daɓen na katako ne, tafiyar yaro a sama ana jin ta a ƙasa. Maƙwabta kuma mazauna ne, ba 'yan yawon buɗe ido ba. Ƙorafinsu a kan hayaniya da tsadar haya na cikin abin da ya sa a 2019 hukumar birnin ta rage kwanakin da mutum zai iya ba baƙi hayar gidansa gaba ɗaya zuwa 30 a shekara. Saboda haka a tabbatar masaukin yana da izini. In za a fita da yara a riƙe hannunsu gam, don bakin ruwan a wurare da yawa ba shinge, ga kekuna ta ko'ina.

Sai lokacin salla. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa tun huɗu da rabi an yi magariba. A nemi jadawalin garin. A unguwar Jordaan, wadda ake faɗi Yordan, akwai masallacin Fatih na Turkawa a titin Rozengracht, wanda a da coci ne.

Ita wannan unguwa ta talakawa ce da 'yan ƙwadago tun asali, ko da yake yanzu ta yi tsada. A cikinta akwai abin da na san zai burge ki. Za ki ga ƙofa guda a bakin titi, in an shiga sai ga tsakar gida da lambu, ƙananan ɗakuna sun kewaye shi. Suna kiransa hofje. Masu hali ne da hukuma suka gina irinsu don tsofaffin mata da waɗanda mazansu suka rasu. Ɗaya daga ciki, Karthuizerhof, tun 1650 yake tsaye. A tsakiyar gari kuma akwai Begijnhof, inda har yau mata kaɗai ke zama. Ashe tsakar gida mai ƙofa ɗaya, inda mace za ta sha iska hankalinta kwance, su ma sun san darajarsa.

Sai dai bangon nan ya ga baƙin ciki. A gida mai lamba 263 a Prinsengracht, yarinyar nan Bayahudiya Anne Frank ta ɓuya da iyayenta a sashen baya daga 1942 zuwa 1944, kafin a kama su. Wani ɓangare na dukiyar da ta gina manyan gidajen kuma daga cinikin bayi ta fito. Kamfanin Holan na Yammacin Indiya ya ƙwace ganuwar Elmina da ke Ghana ta yanzu a 1637, daga nan aka yi ta kwasar 'yan Afirka. A ranar 1 ga Yuli, 2021, magajiyar garin Amsterdam, Femke Halsema, ta nemi gafara a kan hannun da mahukuntan birnin suka sa a wannan ciniki. Wadda ta kwana a irin gidan nan, ya kamata ta san wannan.

Gida mai shekara 350 bai kai haka da kyan bulo kaɗai ba. Ana duba dirkoki, ana shafa fenti, ana toshe yoyo tun yana ƙarami. Uwargida, ke ce kike wuni a gida, ke kike fara ganin tsagewar bango da jiƙewar azara. Kafin damina ta kankama, ki nuna wa maigida a yi yaɓe, a gyara indararo.