Motar Tura Kankare: Yadda Take Aiki da Abin da Take Bukata a Wurin Gini

Motar tura kankare babbar mota ce da aka ɗora wa famfo mai ƙarfi da dogon hannu na ƙarfe mai gaɓoɓi, wanda yake naɗe a bayanta lokacin tafiya, ya miƙe idan an isa wurin aiki. Ba ita take kwaɓa kankare ba. Motar kwaɓi, wadda ma'aikata suke kira miksa, ita take kawo shi ta juye a wani babban mazubi da ke bayan motar, famfon kuma ya tura shi ta bututun da ke manne da hannun har inda ake son ya sauka: saman dakin, ramin harsashi ko ginshiƙin gada. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake zuba dakin da hannu, leburori suna hawa da sauka a kan tsanin katako da kwano a ka tun hantsi har magariba, zai gane girman abin da wannan mota ta sauya. Kubik mita ɗaya na kankare, wato cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, yana kai kilo 2,400, babbar mota kuwa tana iya tura fiye da kubik mita 100 a awa guda idan miksa ba ta yanke mata ba.

A Jamus aka fara wannan fasaha. A ƙarshen shekarun 1920 wani injiniya mai suna Max Giese ya nuna cewa ana iya tura kankare ta bututu, amma sai a 1957 kamfanin Schwing ya fito da famfo mai silinda biyu da man haidurolik yake motsawa, kuma kusan duk famfunan yau a kan wannan tsari suke. Putzmeister, wanda Karl Schlecht ya kafa a 1958, shi ne ɗaya babban sunan. Da famfunansa aka kai kankare tsayin mita 606 a ginin Burj Khalifa na Dubai a 2008, ko da yake waɗannan na girke ne a ƙasa, ba na kan mota ba. A 2011 kuma, da tashar nukiliya ta Fukushima ta lalace a Japan, motocin tura kankare masu dogon hannu aka kawo suka riƙa watsa ruwa daga nesa inda mutum ba ya iya kusanta. Yanzu kasuwar ta karkata zuwa ƙasar Sin: Zoomlion ya sayi CIFA na Italiya a 2008, Sany ya sayi Putzmeister a 2012.

Cikin famfon ba shi da wuyar ganewa. Silinda biyu ne kwance gefe da gefe, suna aiki kamar sirinji biyu, idan ɗaya tana zuƙo kankare daga mazubi ɗayar tana turawa. A cikin mazubin akwai wani lanƙwasasshen bututu mai lilo, wanda yake tsallakawa daga bakin wannan silinda zuwa bakin waccan, ya haɗa wadda take turawa da babban bututun hannu. Wannan lilon ne yake ba da ƙarar da ake ji daga nesa, dum, dum, bi da bi. Direban da ya ƙware yana sauraronta ko da hankalinsa yana wani wuri, domin sauyin sautinta ne yake fara gaya masa cewa wani abu ya soma cijewa. Tsawon hannun yakan kama daga wajen mita 20 zuwa fiye da 60, kuma yawanci da rimot ake sarrafa shi, direba yana tsaye inda zai ga bakin tiyon da ke ƙarshen hannun da idonsa. Akwai kuma ƙaramin famfo da ake ja a baya, marar hannu, wanda ake shimfiɗa wa bututu a ƙasa. Shi ya fi dacewa da lunguna da unguwannin da babbar mota ba ta da wurin buɗe ƙafafunta.

Yawancin abin da zai sa aiki ya yi kyau ko ya ɓaci yana faruwa ne kafin a kunna famfo, kuma abu na farko shi ne ƙasar da motar za ta tsaya a kai. Motar tana da ƙafafu huɗu na ƙarfe da take miƙawa gefe ta dogara a kansu, tayoyinta su sauke nauyi. Idan hannu ya miƙe gaba ɗaya cike da kankare ya juya zuwa gefe guda, kusan duk nauyin motar yana komawa kan ƙafa ɗaya, kuma a manyan motoci wannan yana iya wuce tan 20 a kan wurin da bai fi faɗin tabarma ba. Shi ya sa ake shimfiɗa faifai masu ƙarfi da katakai masu kauri a ƙarƙashin kowace ƙafa, a jere, babu giɓi. Bulo ko guntun falanki ba sa wannan aiki. Abin da ya fi yaudara shi ne ƙasar da take da kyau a ido: wurin da aka cike da ƙasa ba a daddaɓe ba, tsohuwar rijiya ko shadda da aka rufe aka manta, murfin sokawe, gefen kwalbati, ko jar ƙasar da ta sha ruwan daren jiya. A filayen cikin gari da aka rushe tsohon gida za a ɗora sabo, tambayar maƙwabta inda ramuka suke ta fi duba takardar zane amfani. Game da ramin da aka haƙa kuwa, ƙa'idar masu sana'ar ita ce ƙafar mota ta nisanci bakinsa aƙalla gwargwadon zurfinsa: rami mai mita uku, a ja baya mita uku. Idan wuri ya matse har ba a iya miƙa ƙafafun wani gefe gaba ɗaya ba, to ba a juya hannu zuwa wannan gefen, don ta nan motoci da yawa suke kifewa.

Bayan ƙasa sai sama. Wayar lantarki tana cikin manyan abubuwan da suke kashe masu wannan aiki a duniya. Ba sai hannu ya taɓa waya ba, wuta mai ƙarfi tana tsallake tazara ta kama ƙarfe, ta bi bututu da jiƙaƙƙen kankare har zuwa wanda yake riƙe da tiyo, ko direban miksa da ya dafa motarsa. Tazarar da aka fi amincewa da ita ita ce mita shida, kuma idan akwai waya a kusa a ajiye mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai kallon hannu da wayar, domin daga ƙasa ido ba ya auna nisan abin da ke sama daidai. A biranen Nijeriya layukan 11kV da 33kV suna bin tituna dab da gine-gine, wasu ma sun yi sanyi sun sauko. Cewar da akan yi ai an ɗauke wuta ba hujja ba ce ko kaɗan, tun da babu wanda yake sanar da lokacin da za a maido ta. Haka nan iskar da take gaba da hadarin farkon damina: da zarar gabas ta haɗe, a naɗe hannu, a bar sauran aikin.

Sai kankaren kansa, inda aka fi samun saɓani tsakanin direba da masu gini. Ba kowane kwaɓi yake bin bututu ba. Kankare yana tafiya ne a dunƙule, yana zamewa a kan wani siririn ruwan siminti da laushin yashi da yake shafe jikin bututun daga ciki. Kwaɓin da tsakuwa ta yi masa yawa, ko yashinsa duk mai kaushi ne, ba ya samar da wannan santsi. Bututun da aka fi amfani da shi yana da faɗin milimita 125, kuma ba a son tsakuwa mafi girma ta wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗin. Kafin a karɓi mota akan gwada laushin kwaɓin: a cika wani mazurari na ƙarfe mai tsayin milimita 300, a ɗaga shi, a auna yadda tulin ya zauna. Wanda ya sauka da milimita 100 zuwa 150 yakan bi famfo lafiya. Idan ya yi tauri, abin da aka saba ji daga saman dakin shi ne, "Oga, a ɗan ƙara masa ruwa." Wannan shawara tana ɓata abu biyu a lokaci ɗaya. Tana rage ƙarfin ginin har abada, sannan ba ta ma sauƙaƙa turawar, domin matsin famfo yana tatse ruwan ya wuce gaba ya bar tsakuwa ta cunkushe a gwiwar bututu. Maganin tauri shi ne sinadarin sassauta kankare da ake zubawa da awo, bisa izinin injiniya.

Ba a fara tura kankare cikin busasshen bututu. Akan fara da ruwan siminti mai kauri ko wani sinadari na musamman don ya jiƙa hanya, a tare shi a wani mazubi daban, kada ya shiga cikin ginin. Sannan a soma a hankali har kankare ya fito sumul. Daga nan aikin ya zama na mutum uku da dole su fahimci juna da alamar hannu, don ƙarar injina ba ta barin a ji magana: direban famfo, mai riƙe tiyo, da wanda yake lura da mazubi. Aikin na ukun ana raina shi, alhali kuwa shi yake tsare rayukan na sama. Idan ya bari kankare ya yi ƙasa a mazubi har silinda ta zuƙi iska, iskar tana matsewa a cikin bututu, in ta kai bakin tiyo sai ta fashe waje da tsakuwa, tiyon ya yi bulala da ƙarfin da zai karya haƙarƙari ko ya jefo mutum daga bene. Saboda haka duk lokacin da za a sake tayar da famfo bayan tsayawa, kowa yana ja da baya fiye da tsawon tiyon. Tiyon ƙarshe ba ya wuce mita uku zuwa huɗu, ba a lanƙwasa shi don tsayar da zuba, ba a kuma ƙara masa wani a baki yana reto. Kankaren da ke cike mita ɗaya na bututu yana kai kusan kilo 30, kuma an auna hannun ne da wannan nauyi kawai. Ɗaga rodi ko buhunan siminti da shi ganganci ne.

Akwai wani haɗari da ya fi shafar wuraren da famfo yake sabon shiga. Kafintan da ya saba tokare dakin da gora ko sandunan daji ya koyi sana'arsa ne a kan zubin kwano, inda nauyi yake taruwa kaɗan-kaɗan kuma a baje. Famfo yana iya sauke tan biyu a wuri ɗaya cikin minti guda, da duka a kai. Tokaren da ya ɗauki wancan ba lallai ya ɗauki wannan ba. Dole a ƙara yawan tokare, a ɗaure su da juna, a tabbata gindinsu yana kan abu mai ƙarfi, mai tiyo kuma ya riƙa yawo da shi kada kankare ya yi tsibi. A ginshiƙi da bango ma, cika su da sauri yana ƙara matsin da yake buɗe katako daga ƙasa. Mai kwangilar da ya yi hayar famfo don ya rage kuɗin leburori, amma ya ƙi kashe ko sisi a kan tokare, bai yi lissafi ba.

Duk wannan kuma ana yin sa ne agogo yana tafiya. Kankare yana fara kamawa tun daga lokacin da ruwa ya taɓa siminti, kuma akan so a sauke shi cikin wajen minti 90. A zafin Maris zuwa Mayu na Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda rana take wuce digiri 40 kuma bututun ƙarfe yake shan ta kai tsaye, lokacin yana raguwa sosai. Shi ya sa manyan zubi ake yin su da asuba ko da dare. A Burj Khalifa ma da dare aka riƙa yi, har da ƙanƙara a cikin kwaɓin. Idan miksa ta makale a cunkoso, direba ba ya barin abin da ke cikin bututu ya kwanta. Yakan tura kaɗan, ya ja baya kaɗan, lokaci-lokaci, in kuwa jiran ya yi tsawo, gara ya wanke layin ya sake farawa da ya yi asarar bututun hannu gaba ɗaya.

In toshewa ta faru, allurar matsi tana hawa, ƙarar famfo ta sauya, kankare ya daina fita. Ƙara wuta a nan yana daɗa cusa tsakuwar ne. Akan juya famfo baya sau biyu ko uku a sake gwadawa a hankali. In ya ƙi, sai a bi bututun da guduma ana ƙwanƙwasawa: inda babu cunkoso yana amsawa, inda ya toshe kuwa sautin a mace yake. Yawanci a gwiwa ne ko inda bututu ya tsuke. Ba a kwance maɗaurin bututu sai an ja famfo baya an sauke matsin da ke ciki, kuma ba a tsayawa a kansa ko a leƙa bakinsa. Hura iska mai matsi don fitar da toshewa yana cikin abubuwan da aka hana.

Da an gama zuba, wanki ya fara nan take. Akan ɗaga hannu sama, a sa ƙwallon soso a bakin tiyo, a juya famfo baya ya zuƙo shi, ya share bututun har zuwa mazubi. Sannan a buɗe ƙasan mazubin a wanke shi da silindodin. A wannan mataki ne ake yawan rasa hannu da yatsu, domin bututun nan mai lilo yana iya motsawa da ragowar matsin mai ko da an tsayar da famfo. Sai an kashe inji an sauke matsin kafin a ɗaga ragar ƙarfen da ke rufe mazubi, kuma da sanda da ruwa ake aiki, ba da hannu ba. Jiƙaƙƙen siminti yana cin fata sannu a hankali ba tare da zafi da farko ba, don haka takalmin roba, safar hannu da tabarau ba ado ba ne. Ruwan wankin a tara shi a rami a cikin filin, kada ya bi kwata ya daskare ya toshe wa unguwa hanyar ruwa. Kafin a naɗe hannu, direba yakan duba maɗaurai da robobinsu, ya auna kaurin bututu, musamman gwiwoyi, waɗanda yashi yake fara cinyewa, ya kuma zagaya gaɓoɓin hannun yana neman tsagewa a wuraren walda.