Kairo: garin Amurka da ya tsira daga ambaliya, amma mutanensa suka watse

A daren 2 ga Mayun 2011, injiniyoyin rundunar sojan Amurka suka fasa wata jingar ƙasa da nakiya a Birds Point, cikin jihar Mizuri. Ruwan kogin Misisipi ya bi ta ɓarakar, ya malale gonaki masu faɗin eka kusan 130,000. Da gangan aka yi hakan, domin a rage wa wani ƙaramin gari da ke tsallaken kogin nauyin ruwa. Sunan garin Kairo, yana can ƙarshen kudancin jihar Ilinoi, kuma a ranar ma'aunin kogi ya kai ƙafa 61.7 a bakin ganuwarsa, tsayin da ba a taɓa gani ba.

Garin ya tsira. Amma da aka yi ƙidayar 2020, mutum 1,733 kacal aka samu a cikinsa, alhali a 2010 su 2,831 ne, a 1920 kuwa 15,203. To, tunda ruwa bai ci garin ba, ina mutanensa suka tafi, kuma me ya kore su?

Inda koguna biyu suka haɗu

Kairo na zaune a kan wani siririn tsinin ƙasa inda kogin Ohayo ke zuba cikin Misisipi. Wanda ya tsaya a ƙarshen tsinin yana fuskantar kudu, zai ga jihar Kentaki a hagunsa, Mizuri a damansa. Nan ne wuri mafi kwari a duk faɗin Ilinoi, shi ya sa aka kewaye garin da jinga da katangar kankare, har da wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe a arewa wadda aka gina don tare ruwa. Sunan an aro shi ne daga Alƙahira ta Masar, kuma har yau ana yi wa kudancin jihar laƙabi da Ƙaramar Masar.

Duk ɗan kasuwar da ya kalli taswira a ƙarni na 19 sai ya ga dukiya a wurin, domin kayan da ke gangarowa daga gabas da na arewa duk nan suke haɗuwa. An fara yunƙurin kafa gari a 1818, abin bai yi ƙarko ba. A 1837 Darius Holbrook ya kafa kamfani, ya samo kuɗi daga masu zuba jari na Landan, ya fara gina jinga, amma kamfanin ya durƙushe cikin 'yan shekaru. Marubucin Ingila Charles Dickens ya bi ta wurin a 1842, ya bayyana shi a matsayin fadama mai cike da zazzaɓi.

Abin da ya tsayar da garin da ƙafafunsa shi ne layin dogo na Illinois Central, wanda ya iso a tsakiyar shekarun 1850. Tunda babu gada, dole jirgin ƙasa ya tsaya a bakin ruwa, a sauke kaya da fasinja, a loda su a jiragen ruwa. Wannan tsayawar dole ita ce abincin Kairo: 'yan dako, masu fito, masu masauki da masu rumbunan ajiya duk da ita suka rayu.

Iyakar bauta da 'yanci

Kogunan biyu sun kasance iyakar siyasa kuma. Ilinoi ta haramta bauta, Mizuri da Kentaki kuwa suna riƙe da bayi. Shi ya sa a littafin Mark Twain, Huckleberry Finn, Kairo ne wurin da bawan da ya gudu yake fatan isa. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, sojojin Arewa suka kafa sansanin Fort Defiance a tsinin, Janar Ulysses Grant kuma ya mai da garin hedikwatarsa kafin ya nausa kudu. Dubban bayin da suka kuɓuta suka yi ta kwarara zuwa garin, da yawansu suka zauna. Jama'ar Kairo ta tashi daga 2,188 a 1860 zuwa 6,267 a 1870, ta kai 12,566 a 1900.

Sai dai zaman tare bai zo da daidaito ba. A Nuwamban 1909, wani taron dubban fararen fata ya ƙwace wani baƙar fata mai suna William James daga hannun shugaban 'yan sandan gunduma, bisa zarginsa da kashe wata baturiya, suka hallaka shi a tsakiyar kasuwa ba tare da shari'a ba. 'Yar jarida Ida B. Wells ta zo daga Shikago ta binciki lamarin, ta gabatar da hujjojinta a gaban gwamnan jihar, Charles Deneen, wanda ya ƙi mayar da shugaban 'yan sandan kan kujerarsa. An sami wannan nasara, amma tabon ya zauna.

Gadojin da suka ɗauke ciniki

Ana cikin bunƙasa aka fara sare tushen arzikin garin. A 1889 aka gama gadar jirgin ƙasa a kan Ohayo, a 1905 aka buɗe wata a kan Misisipi a garin Thebes da ke arewa da Kairo. Jiragen da a da suke tsayawa sai suka riƙa wucewa. Gadojin mota na 1929 da 1937 suka kashe sana'ar fito. A 1978 kuma babbar hanyar tarayya mai lamba 57 ta samu tata gadar a gefen gari, matafiya suka daina ratsa tsakiyarsa. Kowace gada ci gaba ce ga ƙasa, amma a Kairo kowacce ta rufe wata ƙofar samun abinci. Zuwa 1960 jama'ar garin ta ragu zuwa 9,348.

Garuruwan bakin kogi da dama sun ga irin wannan, wasu sun nemi wata sana'a sun farfaɗo. Abin da ya hana Kairo yin haka ya fito fili a shekarun 1960. Da aka matsa a buɗe wa baƙaƙen fata wurin ninƙaya na garin, sai aka gwammace a rufe shi. A Yulin 1967 aka tsinci gawar wani sojan baƙar fata ɗan shekara 19, Robert Hunt, a rataye a ofishin 'yan sanda. Hukuma ta ce shi ya kashe kansa, baƙaƙen fata suka ƙi yarda, tarzoma ta tashi har aka turo dakarun tsaron jiha. Fararen fata suka kafa ƙungiyar 'yan banga da aka fi sani da White Hats. A 1969 baƙaƙen fata suka kafa United Front ƙarƙashin wani limamin coci, Charles Koen, suka ƙaurace wa shagunan da suka ƙi ɗaukar su aiki. An shafe shekaru ana ƙauracewar, ana musayar wuta da dare. 'Yan kasuwa da dama suka zaɓi su rufe shago su bar gari a kan su ɗauki baƙar fata aiki. Ƙidayar 1970 ta nuna 6,277: kashi ɗaya cikin uku na mutanen garin ya tafi cikin shekara goma. Asibitin garin ma ya rufe a shekarun 1980.

Wa za a ceta?

Wannan tarihin ne ya sa rikicin 2011 ya yi zafi. Tun bayan babbar ambaliyar 1927 aka ware filin Birds Point a matsayin hanyar da za a saki ruwa idan ya yi yawa, kuma an taɓa yin hakan a 1937. Duk da haka jihar Mizuri ta kai ƙara don a hana, har zuwa Kotun Ƙolin Amurka, ba ta yi nasara ba. Kakakin majalisar dokokin jihar, Steve Tilley, ya ce gara Kairo ya nutse da a ɓata gonakin, daga baya ya nemi afuwa. A lokacin kusan bakwai cikin goma na mazauna garin baƙaƙen fata ne, da yawansu talakawa, kuma ba su rasa fahimtar abin da ake aunawa ba.

Abin da ruwa ya bari, sakacin hukuma ya ƙarasa. Binciken 'yar jarida Molly Parker a jaridar The Southern Illinoisan ya nuna yadda shugabannin hukumar gidajen gwamnati ta gundumar Alexander suka riƙa kashe kuɗi kan tafiye-tafiye da alawus-alawus, alhali masu haya na kwana da ɓeraye da kyankyasai. A 2016 ma'aikatar gidaje ta tarayya ta karɓe hukumar. A 2017, zamanin minista Ben Carson, ta sanar da cewa za ta rushe rukunin gidaje biyu, Elmwood da McBride, ba tare da gina wasu ba. Kimanin mutum 400 aka ba takardun tallafin haya su nemi wani wurin, kuma tunda gidajen haya sun yi ƙaranci a Kairo, da yawansu wasu garuruwa suka koma. Waɗanda aka zalunta su ne aka tasa. Tsakanin 2010 da 2020 gundumar ta rasa fiye da kashi 36 cikin ɗari na jama'arta, raguwar da babu gundumar da ta kai ta a duk Amurka.

Waɗanda suka rage ba su naɗe hannu ba. A 2023 suka buɗe kantin kayan abinci na haɗin gwiwa, bayan kimanin shekara bakwai garin ba shi da ko ɗaya. Gwamnatin Ilinoi kuma ta ware dala miliyan 40 don fara aikin tashar jiragen ruwa, tunda har yau manyan kwale-kwalen dakon hatsi da kwal suna wucewa ta gaban garin dare da rana. Ko tashar za ta samar da aiki ga 'yan Kairo, ko kuwa za ta zama wata gadar da arziki zai bi ya wuce, ƙidayar 2030 ce za ta fara nunawa.