Wankin Hoton Baƙi Da Fari A Gida: Darasi Daga Unguwar Kongo-Rasha Ta Jos

A tsofaffin gidajen garin Jos akan tarar da hoton baƙi da fari rataye a bangon ɗaki, ko na maigida ran da ya komo daga Makka, ko na 'yan makaranta sun jeru da malaminsu, ko kuwa na ma'aikatan haƙar kuza. Hoton ya shekara hamsin ko fiye, amma har yanzu mutum na iya ƙidaya zaren aikin da ke wuyan rigar mai shi. Hotuna masu launi kuwa, waɗanda aka ɗauka a bayansa, da yawansu sun koɗe sun yi ja. Dalili shi ne, hoton baƙi da fari da ƙwayoyin azurfa aka yi shi, ita kuwa azurfa in an wanke ta da kyau takan daɗe ƙwarai ba ta sāke ba.

Kuza ce ta tara jama'a a Jos. Ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, babban layin da ya taso daga Fatakwal kuma ya iso a 1927, sai Hausawa da Yarabawa da Ibo da sauran kabilu suka yi ta kwararowa, suka zauna tare da mutanen ƙasar. Inda jama'a ta taru kuwa mai hoto ba ya rasa ciniki. Unguwar Kongo-Rasha tana cikin irin waɗannan unguwanni da Musulmi da Kirista suka zauna ƙofa da ƙofa. A nan ne kuma rikicin ranar Juma'a 7 ga Satumba, 2001 ya faro, wanda ya ci rayuka da gidaje masu yawa. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002, aka kuma sāke tashin hankali a 2008 da 2010. Wanda gidansa ya ƙone yana iya sāke gini, amma hoton mahaifinsa da ya riga mu gidan gaskiya ba ya komowa, sai fa in uwar hoton tana ajiye a wani wuri. Ita ce ake kira nagetif, watau fim ɗin da aka riga aka wanke, wanda fari ke fitowa baƙi a jikinsa, baƙi kuma ya fito fari. Daga nagetif guda ana iya buga hoto ɗari. Saboda haka sanin yadda ake wanke fim a gida, a kuma adana shi, ilmi ne mai amfani ga duk mai son tarihin gidansu ya tsira.

Fim Maras Sauri

A jikin kwalin kowane fim akwai lamba, da ake rubuta ASA a gabanta, yanzu kuwa ISO. Lambar tana nuna saurin fim wajen kama haske. Mai lamba 400, irin su Tri-X na Kodak, yana aiki ko da haske ya yi ƙaranci, amma ƙwayoyin azurfarsa manya ne, in an faɗaɗa hoton sai ya yi kamar an barbaɗa masa yashi. Mai lamba 50 kuwa, irin su Pan F na kamfanin Ilford, yana bukatar haske sau takwas fiye da wancan, amma ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, hotonsa yakan fito sumul. Kodak ma ta taɓa yin irinsa mai lamba 32, sunansa Panatomic-X, amma ta daina.

Ƙasarmu ba ta rasa rana ba, don haka fim maras sauri ya dace da ita. Sai dai yana da hali guda da ya kamata mai karatu ya sani: yana tsananta bambanci tsakanin fari da baƙi. Dattijo baƙi sanye da farar babbar riga da rawani, yana tsaye a rana tsaka, shi ne babban gwaji ga mai hoto. In aka yi sake, sai rigar ta fito fat ba a ganin aikin da ke jikinta, fuskar kuma ta nutse cikin duhu. Maganin abin shi ne a auna haske a kan fuska lokacin ɗauka, sa'an nan a ɗan rage lokacin wanki, in da hali ma a tsai da mutumin a inuwa. Har ila yau, Pan F ba ya son jira: in an ɗauka aka bar shi watanni ba a wanke ba, hoton da ke ɓoye a jikinsa yakan raunana.

Kayan Aiki Da Yadda Ake Yi

Wankin fim ba ya bukatar babban ɗaki. Ana bukatar gwangwanin wanki mai murfi wanda haske ba ya shiga, da abin naɗi a cikinsa mai kama da kwarkwaron zare, da ma'aunin zafi, da kofin awo, da agogo, da almakashi, da kuma magunguna iri uku. Aiki guda ne kaɗai ake yi a duhu, shi ne fid da fim daga gidansa a naɗa shi a kwarkwaro a rufe gwangwani. Duhun kuwa sai ya zama baƙi ƙirin. Jar fitilar nan da aka sani a ɗakin masu hoto ta buga hoto a takarda ce, fim kam tana ɓata shi. Wanda ba shi da ɗaki mai duhu sai ya jira dare ya toshe taga da ƙasan ƙofa, ko ya nemi baƙar jaka mai hannuwa biyu da aka yi domin wannan aiki. Yana da kyau mutum ya koyi naɗin da lalataccen fim a cikin haske tukuna, har hannunsa ya saba.

Magani na fari shi ne mai fito da hoto. Mafi shahara su ne D-76 na Kodak, da ID-11 na Ilford wanda kusan haɗinsu ɗaya, da Rodinal wanda kamfanin Agfa na Jamus ya fitar tun 1891. An tsara lokutan wanki a kan zafin digiri 20 na santigirad. Pan F a cikin ID-11 da ba a sirka ba yana ɗaukar kamar minti shida da rabi, in kuwa an sirka shi da ruwa rabi da rabi sai ya kai minti takwas da rabi. A kowane minti sai a kife gwangwanin a miƙe da shi na daƙiƙa goma, a ɗan buga gindinsa a tebur don kumfa ta saki fim.

A nan mutanen Jos sun yi sa'a. Garin yana bisa tudu, wajen mita 1,200 daga gaɓar teku, saboda haka ruwan randa ba ya nisa da digiri 20, har ma da hunturu yakan bukaci a ɗan ɗumama shi. Mai wanki a Kano ko Sakkwato da bazara kuwa sai ya nemi ƙanƙara, domin ruwan zafi yana gaggauta wanki, yana kuma tausasa fatar fim har ta yage.

Da lokaci ya cika sai a zubar, a zuba na biyu, watau ruwa mai ɗan tsami wanda ke tsai da aikin na fari, ko ruwa zalla in babu shi. Na uku shi ne mai kafe hoto, wanda masu sana'ar ke kira haifo. Shi ke narkar da sauran gishirin azurfar da haske bai taɓa ba, in ba haka ba fim ɗin zai baƙanta da zarar ya ga rana. Wani Bature mutumin Ingila, John Herschel, shi ya gano wannan hali na haifo a 1819. Irin mai saurin nan yana gamawa cikin minti biyu zuwa biyar.

Sai ɗauraya, wadda a kanta ne tsawon ran nagetif ya rataya, domin haifon da ya saura shi ke sa hoto ya yi ɗorawa bayan shekaru. Inda famfo ba ya zuwa kullum akwai dabarar da Ilford ta koyar: a cika gwangwani a juya sau 5 a zubar, a sāke cikawa a juya sau 10, sa'an nan sau 20. Daga nan a rataye fim da maƙali a ɗakin da aka yayyafa wa ruwa aka rufe, don ƙurar hunturu in ta manne wa jiƙaƙƙen fim ba ta fita. In ya bushe a yanka shida-shida a sa a ambulan, a rubuta suna da wuri da shekara.

Wajibi ne a kiyaye: magungunan nan ba a zuba su a kwanon abinci, ba a barin su inda yara ke kaiwa, wasu kuma suna sa ƙaiƙayi, don haka a sa safar hannu. Tsohon haifo yana ɗauke da azurfa, kada a zubar da shi kusa da rijiya ko a kwatar da ke gangarawa kogin Dilimi.

Amfanin Ajiya

Seydou Keita na Bamako ya buɗe shagon hotonsa a 1948, ya kuma adana dubban nagetif. Da aka buga su a Turai bayan 1990, sai duniya ta san sunansa. J.D. Okhai Ojeikere na Nijeriya, wanda ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu, yau su ne shaidar kitson da aka daina yi. A Yamai ma hotunan Philippe Koudjina sun adana kamannin matasan birnin na bayan samun mulkin kai.

Gaskiya ne wayar hannu ta karɓe kasuwa. Ilford ta durƙushe a 2004 kafin manyan ma'aikatanta su farfaɗo da ita a 2005, Kodak kuma ta nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012. Duk da haka har yanzu ana yin fim da magungunansa, sai dai tsada da wuyar samu. Amma waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, hotunan shekara biyar su tafi a dare ɗaya.

Saboda haka abin da ya kamaci matasan Kongo-Rasha da na sauran garuruwa shi ne su nemi tsofaffin masu hoto tun suna raye, su koyi aikin daga hannunsu, su kuma tambaye su inda akwatunan nagetif suke. Wanda ya sami na gidansu, ya buga biyu, ya kai ɗaya gidan ɗan'uwa a wata unguwa. Hausawa dai sun ce, rigakafi ya fi magani.